Yadda Za Ka Riƙe Tsohuwar Laftof Ta Ci Gaba da Aiki a Zafin Gusau

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, da waɗanda ke kan teburan masu buga takardu a Tudun Wada da Sabon Gari, na hannu ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su zuwa Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja suka biyo mota zuwa Kano, sannan suka iso mana. HP EliteBook 8460p da 8470p, Dell Latitude E6420 da E6430, Lenovo ThinkPad T420 da T430, duk ƙirar 2011 da 2012 ce. Sun haura shekara goma, amma har gobe suna iya rubuta furojet, su buga takardar neman aiki, su yi rajistar jarrabawa.

Ina son irin waɗannan ne saboda an ƙera su don a buɗe su. Batirinsu na cirewa ne, RAM (wurin da laftof ke riƙe aikin da take kan yi) da ma'ajiyar bayanai duk hannu yana kai musu, murfin ƙasan 8470p ma ko sukudireba ba ya buƙata. Abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba musu kuɗi ba bisa tsari ba. Laftof tana nauyi, sai a ce a yi mata fomat. Tana mutuwa da kanta, sai a sayi batir, alhali zafi ne ke kashe ta. Ba ta caji, sai a sake sayen batir, alhali caja ce ta lalace. Jerin da zan bi a nan shi ne jerin da nake ganin ya kamata kuɗinka ya bi, daga abin da ba ya cin ko kwabo zuwa wanda ke cin da yawa.

Fara da sanin abin da ke hannunka

Juya laftof ɗin, ka karanta lambar samfurinta. Idan babu a bayanta, cire batir ka duba ƙarƙashinsa, ka ɗauki hoton takardar da wayarka. Sannan ka kunna ta, ka danna dama a kan This PC, ka zaɓi Properties. A nan za ka ga sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, da yawan RAM, da ko Windows ɗin mai 32 ce ko mai 64. A lambar furosesa, adadin farko bayan ɗan layin shi ne zamaninta: i5-2520M zamani na biyu, i5-3320M na uku, i5-4300U na huɗu, i5-6300U na shida. Duk abin da za ka saya nan gaba ya rataya ne a kan wannan lamba.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, kwashe takardunka da hotunanka a filash ko a waya. Kada ka ɗaga wannan zuwa gobe.

Ƙura da zafi

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ƙura ta kowace kafa. Da ta wuce sai bazara ta shigo, daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau yakan kai digiri 40 ko ya haura. Laftof ɗin da ta sha ƙurar hunturu ita ce ke shiga bazara da toshesshen maƙogwaro. Alamarta ba ta ɓuya: fanka tana ihu ba hutawa, gefen da iska ke fita ya yi zafin da ba ka iya ɗora hannu, aiki ya yi nauyi bayan minti ashirin, wani lokaci ta ɗauke ɗif ba sallama. Nauyin nan da gangan take yin sa, furosesa ce ke rage gudu don kada ta ƙone, idan kuma zafin ya haura digiri 100 sai ta kashe kanta.

Sauke ƙaramar manhajar Core Temp ko HWMonitor, duk kyauta ne. Idan ba ka aikin komai amma kana ganin digiri 70, ko kana buɗe bidiyo ta haye 90, to lokacin buɗewa ya yi.

Kashe ta gaba ɗaya, cire caja, cire batir, ka riƙe maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wuta ta fita. Taɓa ƙarfen ƙofa ko na taga kafin ka sa hannu a ciki, musamman da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar nan da ke ɗan jan mutum, domin tana iya lalata RAM. Shimfiɗa farar takarda, duk notin da ka kwance ka ajiye shi a gurbin da ya yi daidai da inda ya fito, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gajeren rami yana huda madabod, wato babban faifan lantarkin da komai ke jone a kansa. Ɗauki hoto a kowane mataki.

Idan ka cire fanka, leƙa tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita. A nan za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga, ta rufe hanyar ruf, har kana iya ɗago ta da tsinke a dunƙule ɗaya. Cire ta, ka goge fikafikan fanka da tsohon buroshin haƙori busasshe. Idan za ka busa da bulowa, danne fankar da yatsa kada ta juya, domin gudun da iskar ke sa ta yi yana kashe ta. Busawa daga waje ba tare da an buɗe ba kuwa ƙara tura ƙurar ciki kawai take yi.

Sai man da ke tsakanin furosesa da jan ƙarfen da ke janye zafi. A laftof mai shekara goma ya riga ya bushe ya zama gari. Notocin ƙarfen suna da lamba 1 zuwa 4 a jikinsu, bi lambobin wajen kwancewa da ɗaurewa. Goge tsohon man da ƙyalle mai tsabta da ɗan sifirit irin na masu gyaran waya har wurin ya yi ƙyalli, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar dawa a tsakiya, ka mayar da ƙarfen, shi zai baje shi da kansa. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko da wani ya ce maka ya gwada ya yi. Idan hannunka bai saba ba, kai wa mai gyara, amma ka zauna a gabanka a yi, ka ga man da aka sa.

Daga nan sai ka canza wurin zamanta. Katifa da filo da darduma suna toshe ramukan ƙasa. Ɗora ta a kan tire ko katako, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. Idan ka gama aiki, bari ta huce, ka rufe ta da ƙyalle ko ka mayar da ita jaka. Kada ka bar ta a cikin mota da rana.

Duba caja kafin ka zargi batir

A jikin kowace caja akwai rubutu ƙanana, nemi layin da aka rubuta Output. Dell tana amfani da 19.5V, Lenovo 20V, HP kuwa 18.5V ko 19V ko 19.5V gwargwadon samfuri. Lambar V dole ta dace da wadda ke rubuce a bayan laftof ɗinka. Lambar A kuwa ba laifi ta fi, laftof za ta ja abin da take buƙata ne kawai, amma kada ta gaza. Idan ka ninka biyun za ka samu ƙarfin cajar: 19.5 sau 3.34 ya ba da wat 65, 19.5 sau 4.62 ya ba da 90. Laftof ɗin da ke son 90 idan aka ba ta 65 za ta kunna, amma caji zai yi ta jan ƙafa, cajar kuma ta yi ta zafi.

Ga wani abu da ke ruɗa mutane. Bakin cajar manyan HP da na Dell girmansu ɗaya, milimita 7.4, kowanne yana shiga ramin ɗan'uwansa. Amma leƙa cikin bakin, za ka ga wata siririyar allura a tsakiya. Ta wannan allura laftof ke gane cajar da aka sa mata. Idan ta karye ko ta lanƙwashe, ko aka sa wa Dell cajar da ba ta gane ba, za ta kunna amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa. Danna F2 lokacin kunna Dell ka shiga BIOS, wato shafin saitunan laftof da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, akwai wurin da take nuna ƙarfin cajar. Idan ta rubuta ba ta san ta ba, to ka gano mai laifi, kuma ba batir ba ne.

Wajen sayen caja, araha ba ta ado. Tsohuwar caja ta asali wadda ta zo da laftof daga waje ta fi sabuwar jabu a kwali mai sheƙi. Ɗaga su biyu a hannu, ta asali ta fi nauyi. Jabu takan sa wurin linzami ya riƙa rawa idan tana jone, wani lokaci jikin laftof ya riƙa ɗan jan ka. Caja ta gari tana karɓar wuta daga 100V zuwa 240V, don haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin da ke ƙona ta shi ne bugun da wuta ke yi sa'ad da aka kawo ta, ko lokacin tayar da janareta. Cire ta daga soket idan an ɗauke wuta, ka bari janareta ya daidaita kafin ka mayar.

Batir

Kafin ka yanke masa hukunci, tambayi Windows. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka danna Enter. Za ta gaya maka inda ta ajiye rahoton, buɗe shi ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi, da Full Charge Capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau. Idan na farko 48,000 ne na biyu 36,000, saura kashi 75 cikin ɗari, batirin yana da sauran rai. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, ko laftof tana mutuwa tana nuna saura kashi 30, to fara tanadin kuɗi. Wannan umarni yana aiki daga Windows 8 zuwa sama.

A cikin dogon batirin tsofaffin laftof akwai ƙananan batura masu siffar gwangwani da ake kira 18650, faɗin kowanne milimita 18, tsawonsa 65, ƙarfinsa 3.6V ko 3.7V. Batir mai guda shida an jera su ne uku-uku a layi biyu, shi ya sa ake rubuta 10.8V ko 11.1V a jikinsa. Wajen kwatanta batura biyu kada ka tsaya a kan lambar mAh, nemi Wh. Batir mai 10.8V da 4400mAh yana da kimanin 48Wh. Laftof ta wancan zamani tana shan wat 12 zuwa 20 a aikin rubutu, ka ga ke nan awa biyu da rabi zuwa huɗu ne iyakarsa ko da sabo ne fil. Duk mai shagon da ya ce maka, “Yallaɓai, wannan awa takwas zai yi maka,” ka nemi ya nuna maka lambar Wh.

Idan za ka saya, tafi da laftof ɗin da tsohon batirin, domin lambar da ke jikinsa ita ce shaida, ba sunan laftof kawai ba. A jona a gabanka, ka ga yana caji, ka sake buga rahoton nan a shagon. Ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da shi, a rubuta a rasit. Masu ThinkPad T430 da X230 su ƙara kula, waɗannan suna tantance batir, suna ƙin cajin wanda ba su amince da shi ba, ko da ya shiga daidai.

Akwai masu fasa batir su canza ƙananan baturan ciki. Aiki ne mai yiwuwa, amma ba na ba da shawararsa sai a hannun wanda ya ƙware. Dole baturan su zama iri ɗaya masu ƙarfi ɗaya, a haɗa su da injin walda na musamman, ba da dalma ba, saboda zafin ƙarfen dalma yana lalata su. Ƙaramin allon da ke cikin batirin kuma a wasu samfura yana kulle kansa da zarar an yanke masa wuta. Mafi yawan abin da ake sawa ma daga wasu matattun batura aka ciro su. Abu ne da kake ajiyewa a ɗakin da yara ke kwana, kada a yi masa ganganci.

Sababbin sirara irin su EliteBook 840 batirinsu shimfiɗaɗɗe ne a ciki. Idan ka ga wurin linzami ya ɗago, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batirin ya kumbura. Daina caji nan take, a cire shi, kada a huda shi, kada a danne shi, kada a jefa shi a bola inda ake cinna wuta. Laftof tana aiki da caja kaɗai kafin ka samu wani.

Batirin litiyam yakan yi zagayen caji 300 zuwa 500 kafin ya raunana sosai, amma a wurinmu zafi ne ke riga lissafin nan kashe shi. Abu biyu ya fi ƙi: zama a cike maƙil cikin zafi, da ƙarewa ƙaf a bar shi haka. Na san halin da muke ciki, wanda bai san yaushe za a sake kawo wuta ba dole ya cika batirinsa, kuma ba zan ce kada ya cika ba. Amma mai shago da ke kan sola ko janareta tun safe har dare, ya sa iyakar caji a kashi 80. Dell tana da wannan a BIOS, Lenovo a manhajar Vantage. Idan samfurinka ba shi da shi kuma batirin na cirewa ne, cire shi yana da kamar rabin caji ka ajiye a wuri mai sanyi, muddin wutar da kake kai ba mai yankewa ba ce. Sa caji tun yana kashi 20. Rage hasken allo zuwa rabi, shi ne babban mai shan batir a aikin rubutu.

Mai ƙaramar sola a gida ya nemi cajar laftof irin ta mota, wadda ke ɗaga 12V kai tsaye zuwa 19V ko 20V. Ta fi bi ta inbata, domin a can ana juya wutar sau biyu, kowane juyi da asararsa.

Akwai kuma wani ɗan batir da ake mantawa da shi, CR2032 mai 3V, wanda ke riƙe agogo. Idan kullum ka kunna sai ka ga kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet suna ƙin buɗewa suna kukan tsaro, shi ne ya mutu. A laftof yawanci an naɗe shi da baƙar ko rawayar roba da 'yar waya mai baki biyu. Kuɗinsa kaɗan ne, canza shi ranar da ka buɗe don share ƙura.

SSD tukuna, sannan RAM

Idan kuɗin abu ɗaya kawai gare ka, sayi SSD, wato sabuwar irin ma'ajiyar bayanai. Tsohuwar ma'ajiya faifai ne ke juyawa a ciki sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai bin sa tana neman bayanai. Da ƙyar take wuce megabait 100 a daƙiƙa, kuma girgizar babur a jaka tana cin rayuwarta. SSD ba abin da ke motsi a cikinta, mai bakin SATA tana kai wa 500, ba ta jin girgiza, ta fi sauƙin shan batir. Laftof ɗin da kake kunnawa ka tafi alwala ka dawo ba ta gama shiri ba, za ta buɗe cikin ƙasa da rabin minti.

Ga samfuran 2011 da 2012 abin nema shi ne SSD mai inci 2.5, bakin SATA. Mai 256GB ta wadatar da ɗalibi. Masu bakin M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowane rami ke karɓar duka ba, don haka mai sabuwar laftof ya bincika samfurinsa kafin ya biya. Jabu ta yi yawa a wannan kasuwa. Manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar SSD da awannin da ta yi tana aiki, ka ga ko tsohuwa aka sayar maka da sunan sabuwa. H2testw kuma tana cika ta da bayanai ta karanta, ta tona asirin wadda aka rubuta wa girman ƙarya.

Sawa ba wuya. Cire tsohuwar, kwance 'yar ragar ƙarfen da ke riƙe da ita, ɗaura wa sabuwar, tura ta cikin baki. Shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka tabbatar SATA tana kan AHCI. Na fi son a ɗora Windows sabuwa daga filash mai 8GB a kan a kwafo tsohuwar da duk tarkacenta. Don tayar da laftof daga filash, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Tsohuwar ma'ajiyar kuma kada ka bar wa mai gyara, duk sirrinka yana ciki. Saya mata 'yar kwalin USB ta zama wurin ajiyar kwafi, ko ka cire na'urar DVD da ba ka amfani da ita ka sa ta a gurbin da abin da ake kira kadi. Kaurinsa iri biyu ne, milimita 9.5 da 12.7, auna naka. Kada ka cika SSD maƙil, bar mata kamar kashi ɗaya cikin biyar.

RAM kuma, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka zaɓi Memory. Za ka ga nawa ake ci, da ramuka nawa ke cike. Yau 4GB ta yi kaɗan, Chrome kaɗai yana cinye ta. Kai ta 8GB. Samfuran da na ambata suna ɗaukar har 16GB, amma mai rubutu da bincike ba ya buƙatar haka.

Karanta takardar da ke manne a jikin RAM ɗinka. PC3 ita ce DDR3 mai 1.5V, PC3L mai 1.35V, PC4 kuwa DDR4 ce, tsagar bakinta daban, ba ta shiga ramin DDR3. Tarkon yana tsakanin biyun farko, domin kamanninsu ɗaya. Zamani na huɗu da na biyar PC3L suke so, idan ka sa musu PC3 allo zai tsaya baƙi. Zamani na biyu da na uku galibi suna karɓar duka biyun. Tura RAM a karkace har zinaren bakinta ya ɓace, ka danna ƙasa har ƙarafan gefe su ce ƙas. A T420 da T430 rami ɗaya yana ƙasa, ɗayan yana ƙarƙashin madannai. Ka kuma tuna Windows mai 32 ba ta ganin abin da ya wuce 3GB da 'yan kai, sai ka koma mai 64.

Modem da shiga intanet

Mutane da yawa sukan cire batir su ga ramin layin waya a bayansa, su sa layi, su yi ta jira. Ramin ba ya aiki sai da wani kati na musamman a cikin laftof, kuma yawancin waɗanda ke zuwa mana babu shi. Inda yake ma, na wancan zamani galibi 3G ne. Kada ka ɓata kuɗi a kansa.

Haka tsofaffin modem irin Huawei E173 da E303, 3G ne, iyakar gudunsu a takarda megabit 7.2. Idan za ka saya, nemi mai 4G. E3372 ana cusa shi a USB, laftof ɗaya yake yi wa aiki. E8372 shi ma na USB ne amma yana watsa Wi-Fi, kana iya jona shi a kan cajar waya ko fawabank. E5573 da ire-irensa, waɗanda ake kira MiFi, suna da batirinsu. Ga tsohuwar laftof na fi son masu Wi-Fi, ba sa shan batirinta, ba sa buƙatar direba (manhajar da ke sa Windows ta gane na'ura), kuma kana iya rataye su inda sabis ya fi ƙarfi kai kana zaune a inuwa.

Tambayi abu biyu kafin ka biya. Na farko, a buɗe yake ko an kulle shi a kan kamfani ɗaya? A wurinmu inda sabis ɗin wannan layi ke da ƙarfi a unguwa ɗaya ya ɓace a ta gaba, buɗaɗɗe ya fi. Tsofaffin Huawei suna ba da damar gwada lambar buɗewa sau 10 ne kawai, don haka kada a yi ta cinke. Na biyu, zangon 4G da yake kamawa. Zango na 3 shi ne aka fi tarayya a kai a Najeriya, MTN tana kuma amfani da 7 da 20, Glo tana da 28 wanda modem da yawa na Turai ba su da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa layinka a shagon ka ga ya rubuta 4G.

Idan ya nuna sabis amma shafi ba ya buɗewa, duba APN, wato adireshin da layinka ke bi ya shiga intanet. A Huawei buɗe burauza ka rubuta 192.168.8.1, ka shiga saituna. Na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat. A wannan shafi ka canza kalmar sirrin Wi-Fi, kada maƙwabta su shanye maka data. Wasu samfuran suna nuna wata lamba mai suna RSRP: daga -90 zuwa sama sabis mai kyau ne, idan ta gangara -110 ya yi rauni. Zagaya ɗakin da modem ɗin kana kallonta. Rufin kwano da katangar siminti suna tare sabis, sau da yawa bakin taga ko saman ƙofa ne maganin. Modem na USB a sa masa wayar ƙari, amma kada ta wuce mita 5. Kada a bar shi a rana, kuma kada a bar MiFi a jone dare da rana, batirinsa yana kumbura.

Wayarka ma modem ce. Jona ta da waya ka kunna USB tethering, ya fi hotspot kwanciyar hankali kuma wayar ba ta zafi sosai, sai dai tana jan caji daga batirin laftof.

Idan Wi-Fi ɗin laftof ya mutu, kada ka yi saurin canza katin ciki. Tsofaffin ThinkPad da wasu HP suna ƙin katin da ba na gidansu ba, ThinkPad ta rubuta kuskure 1802, HP ta rubuta 104, su ƙi tashi. Ɗan ƙaramin Wi-Fi na USB ya raba gardama.

Ko ta wace hanya ka shiga, gaya wa Windows cewa datarka a ƙirge take. Shiga Settings, Network & Internet, ka zaɓi sunan Wi-Fi ɗin, ka kunna Set as metered connection. Idan ba haka ba za ta kwashe datar wata guda cikin dare ɗaya tana sabunta kanta. Ranar da ka samu data mai yawa sai ka kashe shi ta yi sabuntawar, domin ita ma wajibi ce. Ka kuma ajiye direbobin laftof ɗinka, musamman na Wi-Fi, da Windows ɗin kanta a filash guda. A Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, duk wanda kwamfutarsa ta buƙaci wani abu daga intanet ba shi da inda zai sauke shi.

Wace Windows?

Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025, tare da wani shirin ƙarin sabuntawar tsaro ga masu rajista zuwa 13 ga Oktoban 2026. Windows 11 tana neman furosesar Intel ta zamani na takwas zuwa sama da wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, ka ga duk samfuran nan ba sa ciki. Ana iya tsallake sharaɗin da manhajar Rufus, tana kuma tafiya lafiya a kan SSD da 8GB, amma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan sabuntawa ba.

Wanda aikinsa rubutu ne da bincike da kallo, ina ba shi shawarar Linux Mint, nau'in Xfce. Kyauta ce, ba ta da nauyi, jerin 22 yana da kulawa har 2029, tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word, kuma bairos ɗin filash da ke yawo a shagunan buga takardu ba ya kama ta. Kana iya gwada ta daga filash ba tare da ka goge komai ba. Tsarin shafi yakan ɗan goce tsakanin LibreOffice da Word, don haka mayar da furojet PDF kafin ka kai bugu. Mai buƙatar CorelDRAW ko AutoCAD ya zauna a Windows, amma ya daina shiga banki da Windows 7.

Inda ya kamata ka tsaya

Ba kowace laftof ce ta cancanci wannan hidima ba. Wadda ruwa ko shayi ya shiga madabod ɗinta, wadda aka gyara wa wuta ta sake mutuwa, ƙananan masu furosesar Atom da RAM 2GB a manne, da wadda aka kulle BIOS ɗinta da kalmar sirrin da mai sayarwa bai sani ba, duk a bar su. Idan kuɗin allo da batir da madannai a haɗe ya doshi kuɗin wata ta hannu mai lafiya, sayi wata. SSD da modem za su bi ka zuwa sabuwar, RAM da caja ma idan sun dace. Idan kuma za ka sayar da tsohuwar da ma'ajiyarta a ciki, shiga Reset this PC, ka zaɓi Remove everything, ka kunna zaɓin goge bayanai gaba ɗaya, domin fomat na yau da kullum ba ya hana a dawo da hotuna da takardunka.